Ɗiya Nawa Gare Ki, Sa'a?

Shekarar da kujerar Arewa, wato ƙasar Dogon Dutsi, ta zama babu mai ita a majalisar Yamai, ba wanda ya sha wahalar abin kamar Sa'a mai daddawa, ita da ko hanyar Yamai ba ta sani ba.

Tsohon da ke wakiltar ƙasar a can, wanda ake ce wa kwansaye, shi ne ya kwanta ciwo da kaka, kafin rani ya tsaya Allah ya karɓi abinsa. Nasara suka ce sai an sake zaɓe an cike gurbin. Da a nan maganar ta tsaya, da sauƙi. Sai ga shi can Faransa ma wata kujerar sanata ta faɗi, kuma wai ba talakawa ke zaɓen sanata ba. Su kwansayen nan ne za su shiga ɗaki su ja ƙofa, su fito da sunan wanda suka ga dama. Wato kai talaka ka bar sana'arka, ka sha rana a layi, don ka zaɓi wanda zai je ya zaɓa maka. Kai, Nasara da iya wahalar da mutum!

Mutum biyu suka fito neman kujerar a Dogon Dutsi. Ɗaya Ɗantala ne, attajirin fatu da goro. Ɗayan Tukur, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, dogo siriri mai yawan magana da hannu. Tukur ɗin nan kuwa shi ne ɗan farin Sa'a, kuma nan ne gizo yake saƙar.

Mace mai kunya ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta kallonsa ido da ido, in ana ƙirga 'ya'ya ba ta sa shi a ciki. Kowa ya san wannan. Amma Sa'a ta kai abin inda ba kowace mace ke kai shi ba. Tun ranar da aka yaye yaron kakarsa ta ɗauke shi, daga hannun kaka lakwal ta karɓe shi, har ya girma ya yi gemu Sa'a ba ta taɓa buɗe baki ta ce Tukur ba. Wancan, shi ke nan sunansa. In ya shigo gaishe ta, sai ta juya wa ƙanwarsa Zalihatu, wadda ke aure a maƙwabta amma kullum tana gidan, ta ce, "Ce wa wancan akwai tuwo." Shi kuma yana tsugune gabanta, yana ji da kunnensa. Matan unguwa in za su yi wa amarya faɗa, da Sa'a suke misali. Ita ma tana jin daɗin hakan, kada ka ji ta ce ba ta ji.

Sai dai son ɗan nan yana cin ta a rai, kuma ba wanda ta taɓa gaya wa. Da aka fara yawon neman ƙuri'a, sai ta ɗauke faifan daddawarta daga inda ta saba zama, ta koma kusa da rumfar da Tukur ke tara mutane ran kasuwa. Da aka tambaye ta, ta ce can rana ta yi yawa. Ta ba rumfar baya, tana jera daddawa, kunnuwanta kuwa duk suna can.

"Jama'a," in ji Tukur, "yau ina roƙon ku zaɓe ni in tafi in zaɓa muku sanata, don haka dokar take. Amma wallahi dokar ba ta yi mini ba. In na shiga majalisa, maganar da zan fara ɗauka ita ce a bar kowa ya zaɓi sanata da hannunsa. Mi ya sa sai an yi maka ɗan aike? Bakinka ciwo yake? Wanda za shi Faransa ya yi magana da sunanka, kai ya kamata ka nuna shi."

Sa'a ta ce a ranta, ji yaro da baki kamar na ubansa. Mai sayen daddawa ya yi mata magana sau biyu ba ta ji ba.

A lokacin ba kowa ke da ƙuri'a ba. Masu gida, tsofaffin soja, ma'aikata, sai kuma wata sabuwar doka da ta ce mace mai 'ya'ya biyu ita ma a ba ta kati. Kaltume, yayar Ɗantala, tana cikin na farko da suka karɓa. Ta ƙulle katin a bakin mayafi, ta zo har gaban faifan Sa'a tana kaɗa shi.

"Ni dai na samu nawa, ƙanena ya samu ɗaya. Ke fa, Sa'a? Ko ku gidanku ba a shiga wanga sha'ani?"

Sa'a ta ci gaba da jera daddawarta. Da ta koma gida ta ce wa Zalihatu, "Gobe za ni in karɓi takardar nan. Ba don kowa ba, don dai kada Kaltume ta ɗauka ta fi ni." Zalihatu ta danne dariya ta ce to, Inna. Ita Zalihatu ɗanta ɗaya ne, babu ita a lissafi. Ƙuri'ar gidan gaba ɗaya a hannun Sa'a take, kuma Sa'a ta riga ta san inda za ta jefa ta.

Teburin rajista yana ƙarƙashin babban gawon bakin kasuwa. Akawun, Inusa, saurayi ne mai haƙuri, ga gardi, dogarin Nasara, tsaye bayansa da bulala a hammata. Da farko abin ba wuya, mace ta zo da yara biyu a rubuta ta. To, matan gari kuma ba su da dama. Aka shiga aron 'ya'ya. An ce akwai wata yarinya mai tabo a goshi da ta zo gaban teburin nan da uwaye har ba a san adadinsu ba, kafin Inusa ya gane ta. Kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, ya ji, ya fusata, ya ce daga yau kowace mace ta faɗi yawan 'ya'yanta da sunayensu da bakinta, a gaban shaidu daga kowane ɓangare. Shaidar ɓangaren Ɗantala kuwa, don ƙarin baƙin ciki, Kaltume ce, ta shimfiɗa tabarma ta miƙe ƙafa.

Layi ya zo kan Sa'a.

"Sunanki, Inna?"

"Sa'a."

"Matar wa?"

Ta sunkuyar da kai, don sunan miji ma ba a kamawa. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Matar marigayi Gado ce." Inusa ya rubuta.

"Ɗiya nawa gare ki?"

"Ɗaya."

Haka ta fito, ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Bakin ya saba. Inusa ya ajiye alƙalami ya dube ta.

"Inna, ki ƙirga da kyau."

"Zalihatu."

"Sai wa?"

"Sai uku da suka koma tun suna goye."

"Allah ya sa masu ceto ne. Amma waɗanda suka rasu ba a sa su, Inna, sai wanda ya mutu wurin yaƙin Faransa."

"Mi ka ce?" Sa'a ta dafe ƙirji. "Yanzu mutuwar ma sai ta Nasara ce mutuwa? Ni na ɗauki cikinsu, ni na yi naƙudarsu, ni na ga an fita da su a tabarma, ka ce ba su cikin lissafi? Wa ya aiko ka da wagga magana?"

"Ba ni na yi dokar ba, Inna."

"To wanda ya yi ta, uwarsa ba ta taɓa binne ɗa ba."

Gardi ya gyara tsayuwa. Inusa ya ɗaga masa hannu, ya sassauta murya.

"Inna, duk garin nan an san ɗiyanki biyu ne. Ni ma ɗan fari ne, uwata har yau ba ta kama sunana. Na san abin. Amma ki taimake ni, ki faɗa, in rubuta, ki tafi."

Sa'a ta ɗaga haɓa ta nuna wajen lakwal. "Akwai wani can."

"Wani wa?"

"Kai ma ka san shi."

"Na san shi, amma ke ake so ki faɗa. To matso, faɗa mini a kunne."

"A'a, a'a!" Kaltume ta miƙe zaune. "Babu kunne a nan. Yadda aka yi wa kowa haka za a yi mata. Mu ma muna da kunnuwa, mu ji."

Duk matan nan da ke yi wa 'ya'yansu misali da ita sun zuba mata ido. Sa'a ta buɗe baki. Sunan ya taso har maƙogwaro, ya tsaya nan ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta bar wurin, tana jin dariyar Kaltume har ta sha kwana.

Da a kan wani abu ne daban, da an yaba mata, an ce kunya ta yi kunya. Amma siyasa ba ta san wannan ba. Kafin rana ta faɗi maroƙan Ɗantala sun ɗauki maganar sun sa a kalangu. Suna bin lungu-lungu suna cewa wanda uwarsa ta ƙirga ba ta same shi ba, shi ne yake so Arewa ta ƙirga shi. Mutanen da su kansu uwayensu ba su kama sunansu, su ne kan gaba wajen tafi. 'Yan lakwal ma suka koya, wai har a bayan tagar ajin Tukur suke rerawa.

Washegari da la'asar Tukur ya shigo gidan. Sa'a na tsakar gida tana sheƙar kalwa, Zalihatu na gefe da ɗanta. Ya tuɓe takalmi ya tsuguna ya yi gaisuwa, amma daga jin muryar ka san ya cika.

Sa'a ta ce, "Zalihatu, ce wa wancan akwai fura a ɗaki."

"Zalihatu," in ji Tukur, "ce wa Inna na ƙoshi. Ki ce mata gari ya ƙosar da ni."

Zalihatu ta dubi wannan ta dubi wancan. "Ni fa na gaji. Ga ku ga juna."

"Ki dai faɗa mata. Ki ce ban taɓa neman ta ɗauke ni ba, ban taɓa neman ta kalle ni ba. Ranar da na ci jarrabawa na dawo, ɗaki ta shige. Na ce al'ada ce, na haƙura. Ranar aurena ta tafi Ɗan Kassari gaida dangi. Na haƙura. Amma jiya ba kunya ta yi ba, wuƙa ta miƙa wa Ɗantala." Ya juyo gaba ɗaya wajen uwar, abin da bai taɓa yi ba. "Inna, ina yawo rana tana dukana, ina ce wa mutane kada su yarda a yi musu ɗan aike, kowa ya faɗi nasa da bakinsa. Ga ni a gidanmu, ko tuwo sai an aiko mini. Ƙuri'arki ɗaya ba ita za ta kai ni Yamai ba. Ni dai in ji kin ce ke kika haife ni. Ko a bakin rijiya aka tsince ni?"

Hannun Sa'a bai daina sheƙa ba, sai dai kalwar tana zuba a ƙasa ba a faifai ba.

"Zalihatu," ta ce, "ce masa ya rage murya, maƙwabta na ji."

Tukur ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya sa takalminsa ya fita. Bai sake shigowa ba.

Wannan ya dami Sa'a fiye da kalangun. Yaron da ko ana ruwa sai ya zo gaisuwar safe, yau shiru, gobe shiru. Ta yi fushi da shi, marar kunya, wai shi mai lakwal. Ta yi fushi da Kaltume, ta yi fushi da kumandan da ba ta taɓa gani ba, ta yi fushi da tsohon kwansayen da bai tashi mutuwa ba sai bana. Ta yi fushi da Zalihatu don ta sa gishiri da yawa a miya, alhali ita ce ta sa. Da masu fushin suka ƙare, sai ya rage saura ita kaɗai, kuma ta san yaron bai yi ƙarya ba.

Ta shiga gwaji a ɓoye. In ta tabbata gidan ba kowa, sai ta buɗe tukunyar daddawa ta sunkuya ciki kamar mai duba ko ta yi, ta ce, "Tu..." Shi ke nan, sai ta rufe. Mace da furfurarta tana koyon magana da tukunya! Rannan ta kai har ƙarshen sunan, a hankali, sai ta waiga da sauri kamar ta yi sata. Ba abin da ya faru. Katanga ba ta faɗi ba, akuya ma ba ta ɗaga kai ba. Ta zauna a kan turmi ta yi kuka, ita kanta ba ta san na mene ne ba.

Zalihatu ta ce mata, "Inna, an ce ran Juma'a za a rufe rajista."

"Wa ya tambaye ki?"

Juma'ar ta zo, ranar kasuwa. Sa'a ta yi niyyar zuwa da safe, ta ga layi cike da mata, ta ce bari a ragu. Ta koma ta zauna gaban faifanta. Hantsi ya yi, ta ce bari ta sallami masu saye. Aka tafi masallaci aka sauko, ta ce bari rana ta yi sanyi. Ƙarshe dai ta ga in ta ƙara jinkiri zuciyar za ta gudu, ta bar wa maƙwabciyarta faifan, ta ja mayafi har goshi, ta nufi gawon ba ta duban dama ba ta duban hagu. Da ta duba, da ta ga taron Tukur bai daɗe da tashi ba, kuma mutanen duk sun gangaro inuwar gawon suna shan iska.

Inusa na tsaye yana ɗaure kayansa da igiya. Kaltume na naɗe tabarma.

"Inna, ai..."

"Yi mini shiru. Kai ka yi tambaya, yau za ka ji amsa."

"Inna, ki tsaya in..."

"Na ce ka yi shiru! In ka katse ni ba zan iya sakewa ba. Ke kuma Kaltume, kin ce kina da kunnuwa, to buɗe su."

Ta dafa teburin da hannu biyu. Ta yi niyyar faɗa a hankali, amma da muryar ta fito sai ta fito da ƙarfinta duka, irin wadda take kiran masu sayen daddawa da ita.

"Ɗiyana biyu ne. Na fari Tukur. Tukur mushen lakwal, ni na haife shi. A ɗakin uwata a Ɗan Kassari na haife shi, tsakiyar damina, na sha wuya har aka fid da rai da ni. Ba aro na yi ba, ba tsinta na yi ba, nawa ne. Ta biyu Zalihatu. To, rubuta."

Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu," ta rufe baki da hannu. Kaltume ta tsaya cak da tabarma a hammata.

Inusa ya kasa ɗaga ido.

"Inna, abin da nake ta son gaya miki ke nan. An rufe tun kafin a tafi masallaci. Littafin ma ya bi mota zuwa Doso. Wallahi ko takarda ɗaya ba ta rage a hannuna ba."

"Ya bi mi?"

"Mota, Inna."

"To a tsai da motar!"

"Ta yi nisa."

Sa'a ta dube shi, ta dubi teburin da babu komai a kai sai igiya. Abin da ta riƙe tun tana yarinya, abin da ake yi mata kirari da shi, ta zo ta zubar a tsakiyar kasuwa, a gaban Kaltume, kuma ko guntun kati ba ta samu ba.

"Amma kai, Inusa, Allah ya isa tsakanina da kai! Kana tsaye kana kallona ina tuɓe zane a kasuwa, ba ka hana ni ba?"

"Inna, sau biyu ina..."

"Rufe mini baki! Ku da dokarku, yau a kawo ɗiya, gobe a kawo suna, jibi littafi ya hau mota. Ku cinye zaɓen! Ku shiga ɗakin ku ja ƙofa ku zaɓi wanda kuka ga dama, dama can haka kuka so!"

Ta juya a fusace za ta tafi, sai ta ga mutane sun dare gida biyu. Tukur ne ke tahowa ta tsakiyarsu, cikin fararen kayan da ya ɗinka don yawon zaɓe. Ashe yana jingine da gawon ta baya tun farko, ya ji komai. Ya zo gabanta ya tuɓe takalmi, ya zube gwiwa biyu a ƙasa, nan cikin ɓawon gyaɗa da kashin awaki. Mutumin da ke cika kasuwa da magana ya buɗe baki ya kasa. Hawaye kawai ke bin gemunsa.

"Inna," ya ce. Iyakar abin da ya fito ke nan.

Sa'a ta kai hannu za ta ja mayafi ta rufe fuska, sai ta ga ba sauran abin rufewa. Ta bar hannun ya sauka. Ta dube shi sosai, a fuska, ba ta wutsiyar ido ba. Ashe yana da ɗan tabo a gira, ba ta san ranar da ya ji ciwon ba. Ashe har furfura ta fara fito masa a gefen kunne.

"Ban samu katin ba," ta ce masa. Shi ta gaya wa, ba ta nemi Zalihatu ba.

Ya girgiza kai, ya ƙara sunkuyawa.

"Kai, wanga yaro," ta ce, tana share ido da bakin mayafi, faɗan bai gama fita daga muryarta ba. "Tashi, Tukur. Za ka ɓata wandonka."